An ɗora ni kan masu kama dabbobi: wane horo zan ba su, me kuma za mu riƙa rubutawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikacin sashen gona ne a wata ƙaramar hukuma. An ɗora ni kan matasa shida da aka ɗauka don kama dabbobin da ke yawo a titi da kasuwa, da karnukan da ake kawo ƙararsu. Babu wanda ya taɓa yin wani kwas a cikinmu. Wane horo ya kamata su samu, kuma waɗanne takardu za mu riƙa ajiyewa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya ka riƙo.

Zan fara da wutsiyar tambayarka, domin ita aka fi rainawa. In ka tambayi ciyaman me yaranka ke buƙata, zai ce igiya da mota. Ni kuwa, bayan shekarun da na kwashe tsakanin asibitin dabbobi da kara da kwata, zan ce littafi mai kaurin bango da biro. Kama akuya ba wani abu ba ne, yaran unguwa ma suna yi. Abin da ya raba ma'aikacin hukuma da ɓarawon akuya a gaban alƙali shi ne abin da aka rubuta a lokacin kamun.

Kafin littafin ma, nemo takardar da ta ba ku iko. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kula da mahauta da kasuwanni da yadda ake ajiye dabbobin gida cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma wannan magana ce dunƙulalliya. Abin da zai tsaya maka a kotu shi ne dokar da majalisar kansiloli ta zartar, ko dokar jiha, wadda ta fayyace wace dabba za a kama, nawa ne tara, kwana nawa za a tsare ta kafin a yi gwanjo, wa ke sa hannu. Ka je wurin sakatare ko lauyan ƙaramar hukuma ka karɓi kwafi, ka karanta wa yaranka da Hausa, layi-layi. In aka ce maka babu irin wannan doka, to ka rubuta wa na sama da kai cewa a samar da ita, kuma kada ka karɓi ko sisin kobo a matsayin tara kafin nan. A ɓangaren cututtuka kuma akwai dokar tarayya ta daƙile cututtukan dabbobi, wadda aka yi a 1988 aka sabunta a 2022. Ita ce ke ba likitan dabbobi na gwamnati ikon killace dabba ko hana a motsa da ita. Likitan ne ke da wannan iko, ba yaranka ba. Su san iyakarsu tun yanzu.

Littafin farko shi ne na kamu. A sa wa kowane shafi lamba tun kafin a fara amfani da shi, don in an yage ganye ɗaya a gane. Kowace dabba tana da lambarta, ba a haɗa biyar a layi ɗaya a ce "awaki biyar". A rubuta rana da lokaci, da ainihin wurin: ba "kasuwa" kawai ba, bakin wace ƙofa, gaban wace rumfa. A rubuta wanda ya kama da wanda ya shaida, in da hali mai unguwa ko sarkin kasuwa. Sai kamannin dabbar, kuma nan ne ake sakaci. "Rago fari" ba bayani ba ne, rabin ragunan garinku farare ne. Balami ne, ko Uda, ko ɗan ƙasa? Yaya ƙahonsa, akwai tsaga a kunne, akwai shaidar wuta a cinya, haƙoran girma nawa ya fitar? In saniya ce, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokoloji, da ciki ko babu? Yana ɗingishi tun kafin a kama shi? A ɗauki hotonsa da waya ta gefe biyu da fuska, da lambar a rubuce a kan allo a kusa da shi.

Bari in gaya maka dalilin da na matsa a nan. Ina sabon ma'aikaci, a wani gari da ba zan ambata ba, aka kama wani ɗan rago ramamme yana ɓarna a rumfar masu hatsi, kwanaki kaɗan kafin babbar salla. Wanda ya karɓe shi ya rubuta "rago ɗaya" ya tafi sallar la'asar. Da mai shi ya zo, sai ya ƙare masa kallo ya ce wannan ba nasa ba ne, nasa ƙato ne na turke, an musanya. Ba mu da abin da za mu nuna. Har gaban hakimi aka je, kuma aljihunmu ne ya cike gibin. Har yau ban san wanda ya yi gaskiya ba, kuma matsalar ke nan: layi biyu na rubutu da sun raba gardamar.

A ɗaya gefen shafin sai a rubuta yadda dabbar ta fita: wa ya karɓa, me ya nuna cewa tasa ce, wa ya tsaya masa, nawa ya biya, lambar rasit. Rasit na hukuma mai lamba, ba ƴar takardar da aka yago daga littafin makaranta ba. Wanda ya kama dabba kada ya zama shi ke karɓar kuɗi, ko da kuwa ɗan limamin gari ne. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. In dabba ta mutu a hannunku, a kira likita ya gani ya sa hannu kafin a binne. In an kai ga gwanjo, a yi shela, a yi shi a bainar jama'a, a rubuta wanda ya saya da farashin, kuma kada ma'aikacinka ko ɗan'uwansa ya taya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin tsintuwa, ya san ana kiyaye kamannin abin da aka tsinta, a yi cigiya, sai wanda ya siffanta shi daidai a ba shi. Ya kuma ji hadisin da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓatacciyar tunkiya da ɓataccen raƙumi. In za ka koya wa yaranka littafin kamu, fara musu daga nan, za su fi saurin ɗauka. Haka ma wajen ciyarwa: hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha ya ishi duk mai tsare dabba gargaɗi. Don haka a sami wani shafi na kullum da ke nuna an ba da ruwa, an ba da harawa ko dusa, da wanda ya bayar. Inuwa dole ce. Kada a haɗa maras lafiya da masu lafiya a turke ɗaya.

Yanzu maganar karnuka, wadda ita ce ta rai da mutuwa, kuma a nan nake so ka kashe mafi yawan lokacin horon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma tsakanin cizo da bayyanar alamu akwai tazara, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A cikin wannan tazarar ake ceton rai, kuma ma'aikacinka yana iya zama mutum na farko mai hula da zai isa gidan.

To me zai ce? Abu na farko, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda mutane ke zato tsawo. Kada a zuba toka ko barkono ko man birki, kada a ɗaure da tsumma, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Daga nan a wuce asibiti a ranar, ba gobe ba. Can ne za a duba ko cizon ya huda fata, a fara allurar rigakafi, wanda cizonsa ya huda fata kuma a ƙara masa wata allurar da ake yi a cikin ciwon kanta. Ma'aikacinka ba malamin asibiti ba ne, kada ya ce wa kowa "wannan ɗan ƙarzane ne, ba komai". Lasar kare a kan buɗaɗɗen ciwo ma abin kai wa asibiti ne.

Abu na biyu, karen. Al'adarmu ita ce a taru a jefe shi har ya mutu a jefa a kwata, kowa ya watse. Da an yi haka an binne shaida. In karen yana da mai shi kuma lafiyarsa ƙalau a ido, a ɗaure shi ko a kulle shi kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa, ana leƙa shi kullum. Hikimar ita ce karen da ƙwayar cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki ba tare da ya nuna alama ko ya mutu ba. In ya cika kwana 10 garau, hankali ya kwanta. Amma a kula: ba a jinkirta allurar wanda aka ciza ana jiran kwanakin su cika. Ana farawa, likitan asibiti ne zai yanke ko a dakata daga baya. In kuwa karen ya riga ya nuna alama, ko ya mutu, ko an kashe shi, kan ake buƙata, domin ƙwaƙwalwa ake gwadawa. Kada a farfasa kan. Likitan dabbobi ne zai cire shi da safar hannu, a sa a leda biyu, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a aika ɗakin gwaji. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, ita ce uwa a wannan fanni, kuma tana da rassa a jihohi da dama. Ka nemi lambar wayar reshe mafi kusa da ku tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma san cewa ba kowane mahaukacin kare ke hargowa ba. Akwai mai cizon duk abin da ya gani, har itace da ƙarfe, muryarsa ta canza. Akwai kuma mai shiru: ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala. Wannan na biyun ya fi cutar da masu shi, domin sai su ce ƙashi ne ya maƙale masa, su zura hannu a bakinsa. Saniya ma haka take yi, ta yi ta kuka tana zubar da yawu kamar wani abu ya tsaya mata a wuya. Jaki da kyanwa duk suna kamuwa. Doka ɗaya: ba a sa hannu tsirara a bakin dabbar da ke dalalar da yawu.

Ga inda littafi na biyu ya shigo, littafin cizo. Sunan wanda aka ciza, shekarunsa, unguwa, lambar wayar uba ko mai gida, ranar cizo, wurin da aka ciza a jiki. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa, saboda kusancinsa da ƙwaƙwalwa ko yawan jijiyoyin wurin. Sai bayanin karen: na wane ne, an taɓa yi masa allura, yaushe, ina katin? Sai layi 10 na kwana 10, kowace rana da sa hannun wanda ya je ya gani da idonsa. Sannan tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda aka fi mantawa: wa kuma ya ciza? Mahaukacin kare ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Yaron da ya je tsokanar kare ba zai faɗa a gida ba, yana tsoron bulala. Almajirin da karen ya yakusa a hanya ba shi da wanda zai kai shi asibiti. Ma'aikacinka ya bi sawun karen gida-gida, ya shiga makarantar allo ya gaida malam ya tambaya, ya rubuta har awakin da ya ciza. Kwafin wannan shafi ya tafi wurin jami'in sa ido kan cututtuka na sashen lafiya a ranar. Sau da yawa asibiti na da sunan yaron, ofishin dabbobi na da labarin karen, amma ba wanda ya haɗa biyun. Teburinka ne mahaɗarsu.

Littafin nan sirri ne. Sunayen mutane da ciwonsu ba abin yaɗawa a zauren WhatsApp ba ne.

Su kansu yaran, kafin su taɓa kare ko ɗaya, a yi musu allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi sau biyu, ranar farko da bayan kwana 7, haɗe da ta sarƙe-haƙora. Wanda aka yi wa ita, in tsautsayi ya faɗa masa, zai koma a ƙara masa, amma ya huta da neman waccan allurar ta cikin ciwo, mai tsada da wuyar samu. In aka ce babu kuɗi, ka sa buƙatar a rubuce, ka ajiye kwafi.

Koyon kamu ba a aji ake yi ba. Ka roƙi likitan dabbobi na shiyyarku ya ba ku kwana biyu ko uku a asibitinsa. Su koyi karanta kare: wanda ya sa wutsiya a tsakanin ƙafafu ya kwantar da kunne tsoro yake ji, kuma matsoraci ya fi saurin cizo in an ƙure shi. Ba a tunkararsa gaba da gaba ana zare masa ido, ba a rufe masa hanya a taron yara masu ihu. Su koyi amfani da raga, da sanda mai zarge, da ɗaura takunkumi da ɗan bandeji. Sandar nan ta riƙewa ce, ba ta ja ko ɗagawa ba, in aka yi ganganci sai a shaƙe dabba. Su koyi kayar da sa da igiya ba tare da karya masa ƙafa ba, su san inda ake tsayawa kusa da jaki. Mahauta da Fulanin da ke kara sun fi mu iya wannan, kada girman kai ya hana a tambaye su. Sarkin pawa in ka je masa da ladabi zai ba ka mutum.

Za a matsa maka ka zuba guba a kashe karnukan gari, musamman ranar da aka ciji ɗan wani babba. Kada ka yarda. Gubar tana kashe ungulu da kyanwa da kaji, yaro ma na iya ɗauka. Kuma ba ta magance komai: cikin ɗan lokaci wasu karnukan za su cike gurbin, waɗanda aka kashe kuma wataƙila har da masu allura. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, a maimaita kowace shekara. A Injamena, babban birnin Chadi, an yi irin wannan gangami a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yi shiru na watanni kafin ta sake shigowa ta karnukan da aka kawo daga wajen gari. Yaya aka san an kai kashi 70? Saboda duk karen da aka yi wa allura an sa masa alama a wuya an rubuta, daga baya aka zaga unguwanni aka ƙirga masu alama da marasa ita. Meziko ma ta wannan hanya ta bi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta cizon kare. Burin duniya shi ne a kai ga haka ko'ina nan da 2030.

Saboda haka littafi na uku na allura ne: mai kare, unguwa, kamannin kare, rana, sunan maganin, lambar kwalba, ranar lalacewarsa, da kati a hannun mai shi. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ya son daskarewa, ba ya son rana. A manna takarda a jikin firji ana rubuta sanyinsa safe da yamma, da lokacin da aka ɗauke wuta. Allurar da ta kwana a aljihun babur tana iya lalacewa, kuma lalatacciya ta fi rashin allura haɗari, tunda mai kare zai saki jiki. Ka fara ƙidayar da mafarauta da makiyaya da masu gadi, su ne masu karnuka da yawa, kuma in sarkin dawa ya kawo nasa sauran za su biyo. Ka kuma sa ido kan fataken karnuka da ke bi ƙauye-ƙauye suna saye suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a jihar Filato. Motarsu hanya ce ta cuta.

Sauran cututtuka ba sai sun zama likitoci ba. Su dai gane abin da ya wajaba a kai rahoto: ɓauru mai sa miki a baki da kofato, ciwon huhu na shanu, mutuwar kaji ko awaki da yawa a lokaci ɗaya. Wanda zan ja kunne a kai shi ne ciwon saifa. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta dubura bai daskare ba, ba a feɗe ta, ba a ja ta a ƙasa, ba a sayar wa kowa fatarta. A tsare wurin a kira likita. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a jihar Neja a watan Yulin 2023, don haka ba tatsuniya ba ce.

In ana son horo mai takardar shaida, akwai kwalejin tarayya ta kiwon lafiyar dabbobi a Vom, akwai kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi ta Mando a Kaduna, da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ƙungiyar GARC mai yaƙi da haukan kare tana da gajerun darussa kyauta a intanet, har da na kama kare da yi masa allura, sai dai ba da Hausa ba ne, dole wani ya zauna ya fassara musu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a lokacin ma'aikatun jihohi sukan fito da allura kyauta. Ka kai sunan ƙaramar hukumarku da wuri.

Horon kansa a rubuta shi. Kowane ma'aikaci da fayil ɗinsa: me aka koya masa, yaushe, wa ya koyar, ya gwada a gaban wa, ranar allurarsa, da duk raunin da ya ji a bakin aiki. Wanda ba a sa hannu cewa ya iya riƙe sanda mai zarge ba, kada a tura shi wurin kare shi kaɗai. Bayan wata shida a sake gwada kowa, hannu yana mantuwa.

Za a zo maka da maganar manhajar waya, irin su KoboToolbox. Tana da kyau, tana aiki ko babu sabis, tana ɗaukar hoto da taswirar wuri. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, mai ita yana samun canjin wurin aiki ya tafi da ita. Takarda ce asali, waya mataimakiya. Wanda bokonsa bai yi ƙarfi ba ya rubuta da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa ya dangwala. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa: in an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a sa hannu a gefe.

Ƙarshen kowane wata ka zauna da littattafan uku ka fitar da shafi ɗaya: dabba nawa aka kama, nawa aka karɓa, nawa suka mutu, kuɗi nawa aka tara, cizo nawa kuma a waɗanne unguwanni, kare nawa aka yi wa allura. Ko ba a samu cizo ko ɗaya ba, ka rubuta sifili ka aika, domin shiru ba ya nuna ko lafiya ce ko barci kuke. Kwafi ɗaya ga shugaban sashe, ɗaya ga likitan shiyya, ɗaya ga sashen lafiya, ɗaya a durowarka, kuma duk wanda ya karɓa ya buga hatimi a kan naka. Bayan wata uku ka ɗauko su ka jera, za ka ga unguwa ɗaya ko biyu suna ta maimaituwa, galibi kusa da kwata ko juji. Can za ka fara kai allura, kuma takardun nan ne za ka ajiye a gaban ciyaman ranar da za ka nemi kuɗin raga da firji.